Ajiye Aiki a Lokacin Annoba: Wa Ya Cancanci Kuɗin Tallafi a Amurka?

Tun daga shekarar 1935 ƙasar Amurka ke da tsarin inshorar rashin aiki, wanda ke biyan ma'aikaci wani abu kowane mako idan aikinsa ya kuɓuce masa. Masu kamfanoni ne ke zuba akasarin kuɗin ta hanyar haraji a kan albashin da suke biya, kuma yawancin jihohi na biyan tallafin har tsawon mako 26. Babban sharaɗin shi ne kada rashin aikin ya kasance da laifin ma'aikacin. Wanda aka rage daga aiki yana da rabo, amma wanda ya ajiye don raɗin kansa ba shi da kome, sai fa in ya kawo hujja mai ƙarfi.

Annobar korona ta jarraba wannan ƙa'ida. A watan Afrilu na 2020 kawai, guraben aiki fiye da miliyan 20 suka salwanta, marasa aikin yi suka haura kashi 14 cikin ɗari. Ban da waɗanda aka sallama, akwai waɗanda suka ajiye aiki da kansu domin tsoron kamuwa da cutar, ko domin an rufe makarantu babu mai kula da 'ya'yansu.

Dokar agajin gaggawa da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 27 ga Maris, 2020 ta buɗe sabuwar ƙofa. Ta tanadi tallafi na mako 39 ga waɗanda tsohon tsari bai shafa ba, ciki har da wanda annobar ta tilasta masa barin aiki kai tsaye, da wanda likita ya umarce shi ya killace kansa, da mai renon yaron da aka rufe makarantarsu. Haka kuma ta ƙara dala 600 a kowane mako har ƙarshen Yuli.

Sai dai Ma'aikatar Ƙwadago ta ja layi: tsoron cutar kawai ba hujja ba ce, kuma barin aiki da niyyar karɓar tallafi zamba ce. Wannan ya bar ma'aikatan kantuna da mahauta cikin tsaka mai wuya, ko su fita aiki cikin haɗari, ko su zauna gida babu albashi babu tallafi. Sai a Fabrairun 2021, zamanin Shugaba Joe Biden, aka sassauta, aka haɗa da wanda ya ƙi aiki a wurin da ba a bin dokokin kiwon lafiya.

Batun ya shafi aljihun masu kamfanoni ma, domin bisa al'ada harajin kamfani yana ƙaruwa gwargwadon yawan tsofaffin ma'aikatansa da suka karɓi tallafi. Shi ya sa sukan ƙalubalanci buƙatar wanda ya tafi da kansa. A irin wannan takaddama, nauyin kawo shaida yawanci yana kan ma'aikacin, kuma wanda ya kai kokensa a rubuce kafin ya tafi, ko yake riƙe da takardar likita, shi ya fi samun nasara.

An rufe shirye-shiryen gaggawar a farkon Satumba na 2021, ko da yake kusan rabin jihohi sun janye tun kafin lokacin, bisa dalilin cewa kamfanoni na fama da ƙarancin ma'aikata. Daga nan aka koma ga tsohuwar ƙa'ida, inda kowace jiha ke fassara hujja mai ƙarfi bisa dokarta.