Maharbin da ke farautar wuri

A ɗakin kakata, a Kore Mairuwa, akwai wata 'yar ƙwarya da ke rataye a ragaya, an kife ta da faifai. Wuri ne a ciki, bai fi cikin tafi biyu ba, duk ya yi jaja-jaja don tsufa da hayaƙi. Wata rana ina yaro na ce mata, "Kaka, wace itaciya ce ke haifar wuri?" Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wuri ba ɗan itace ba ne. Daga babban ruwa yake, can inda ƙasa ta ƙare." Ni kuwa a lokacin babban ruwan da na sani shi ne tafkin da damina ke cikawa a kwarin Dallol Mawuri, inda muke wanka muna koran kwaɗi.

Sai da na girma na gane cewa abin da ke cikin ƙwaryar nan kangayen gidaje ne. Kowane wuri kwanson wani dodon koɗi ne na teku, wanda ya rayu, ya yi kiwo a kan duwatsu, ya kuma kwana da tsoron masu neman ransa. Cikin masu neman ran nasa har da wani ɗan uwansa, shi ma dodon koɗi, wanda tun ranar da na san labarinsa yake ba ni mamaki.

Masana suna kiran danginsa Conidae. Hausa ba ta raɗa masa suna ba, don ba mu taɓa haɗa unguwa ba: daga Kore Mairuwa zuwa gaɓar teku ta wajen Kwatano akwai fiye da kilomita 700. Ni maharbin teku nake ce masa. Kwansonsa kamar kantun gishirin Bilma ne da aka ƙanƙantar, gefe ɗaya da faɗi, ɗayan da tsini, ga doguwar tsaga a jiki wadda naman ke leƙowa ta ciki. Nau'insa sun haura 800. Wani bai kai ƙwayar gyaɗa ba, babbansu kuwa, Conus pulcher, a gaɓar Afirka ta Yamma yake, daga Senegal har Angola, yana iya zarce santimita 20. Amma inda suka fi yawa shi ne ruwan ɗumi na tekun Indiya da na Fasifik, a gindin duwatsun murjani da cikin yashin da ke tsakaninsu, sau da yawa inda ruwa bai wuce gwiwar mutum ba.

Kyau kam Allah Ya ba su. Wani zanensa kamar saƙar luru, wani ɗigo-ɗigo kamar bayan zabuwa, wani kamar taswirar ƙasashe, shi ya sa aka sa masa Conus geographus. A 1650 Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holan, ya zauna ya zana kwanson ɗaya daga cikinsu. Wani nau'in kuma, Conus gloriamaris, attajiran Turai sun daɗe suna rige-rigen sayensa da kuɗi mai tsoka don ƙarancinsa, har sai da masu nutso suka gano mazauninsa a tsibiran Solomon a 1969, farashinsa ya faɗi. Bahaushe dai yana da sunan irin wannan kyau tun tuni: kyan ɗan maciji.

Da rana ba ka ganinsa. Yana binne cikin yashi ko maƙale a ƙarƙashin dutse, sai wani ɗan bututu da ya miƙo sama yana zuƙar ruwa. Idanunsa ba su da ƙarfi, da wannan bututun yake shinshinar abin da ke wucewa. Dare ya yi, sai ya fito yana jan ciki a hankali, irin tafiyar da duk dodon koɗi ke yi. Wanda ya ga tafiyar zai ce wannan ko ganye sai an kawo masa. Shiru-shiru dai ba tsoro ba ne.

Makaminsa haƙori ne. Sauran dodannin koɗi suna da wani harshe mai kaushi kamar magagari, da shi suke kankare gansakuka a jikin dutse, kuma da irinsa wuri yake kiwo. Shi maharbi sai haƙoran harshen suka rikiɗe suka zama kibau: kowane ɗaya siriri, mai rami a ciki kamar allurar likita, da ƙaya a baki yadda in ya shiga ba ya fita. Yana tara su a wata 'yar jaka cikin makogwaro, kwarinsa ke nan. In farauta ta zo, sai ya zaro guda ya ɗana a bakin wani dogon hanci mai miƙewa, ya lallaɓa da shi har ya taɓa jikin abin da yake nema, sannan ya saki. Harbin ya fi ƙiftawar ido sauri nesa ba kusa ba. Ta cikin ramin kibiyar dafi ke kwarara. Kibiya ɗaya harbi ɗaya ce, ba ya maimaita ta.

Duk ɗan Arewa da ya ji wannan sai ya tuna da maharbanmu. Su ma ba ƙarfin baka suka dogara da shi ba, dafin da ke bakin kibiya ne, wanda ake dafawa da 'ya'yan kwankwani da wasu haɗe-haɗe da kowane gida ke ɓoye sirrinsa. Da irin waɗannan kibau mutanen Sarauniya Mangu suka tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a Lugu cikin Afrilun 1899. Maharbin teku ma kowane nau'i da nasa haɗin. Dafin nau'i ɗaya yana ɗauke da sinadarai iri-iri sama da 100, kowanne da jijiyar da yake nema ya toshe, kuma da wuya ka sami nau'i biyu masu haɗi ɗaya.

Abincinsu ya raba su gida uku. Mafi yawa tsutsotsin cikin yashi suke ci, kuma harbinsu ga mutum bai fi na zuma ko rina ba. Na biyu masu cin 'yan uwansu dodannin koɗi, irin su Conus textile, kuma a nan ne wuri ya haɗu da gamonsa. Dubi wurin da ke hannunka: bakinsa siririyar tsaga ce mai haƙora gefe da gefe, ƙofar da ƙaguwa ke wahala kafin ta sa hannu a ciki. Wuri in ya ji motsi sai ya janye jikinsa ya shige. Maharbi kuwa ba ya fasa ƙofa. Ta tsagar nan yake zura hancinsa ya yi harbi, sau da yawa fiye da ɗaya, ya jira naman ya saki, sannan ya cinye shi a cikin ɗakinsa ya bar kwanson garau.

Gida na uku su ne masu kama kifi, kuma su ne suka fi ɗaure mini kai. An ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, to ga mai kama kifi daga kwance. Wasunsu suna kaɗa jan hancin nan a hankali kamar tsutsa, kifi ya matso don ya ci, sai ya ji kibiya. Kashin farko na dafin yana sandarar da shi nan take, ko juyi ba zai yi ba, na biyu ya bi baya ya kashe masa tsoka gaba ɗaya. Kibiyar tana nan riƙe a bakin hancin kamar ƙugiya a zare, sai ya jawo kifin ya buɗe baki ya haɗiye shi ɗungurungum. Bayan wasu sa'o'i ya amayar da ƙaya da ɓawo tare da kibiyar da ya yi aiki da ita.

Shi kuwa mai taswira, wato Conus geographus, wata dabarar gare shi. Da dare yakan matsa kusa da ƙananan kifaye da ke hutawa a ramin dutse, ya saki wani abu cikin ruwa, sai ka ga jikinsu ya mutu kamar waɗanda aka yi wa asiri. Daga nan ya buɗe bakinsa ya yi faɗi kamar koma, ya lulluɓe su, sannan ya harbe su ɗaya bayan ɗaya a ciki. A nan kifi bai ma ga mai jar komar ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Yuta ta Amurka suka bayyana cewa cikin abin da yake saki har da insulin, sinadarin nan da masu ciwon sukari ke yi wa kansu allurarsa. Irin na kifi yake ƙerawa, ya shiga ta kafofin numfashinsu, sukarin jininsu ya faɗi, ƙarfin gudu ya ƙare.

Wannan mai taswirar shi ne ke kashe mutum. Ba ya farautar mu, mu ne ke ɗaukarsa don kyansa, mu riƙe a hannu ko mu jefa a aljihu, alhali hancinsa na iya lanƙwasowa ya kai ko'ina a jikin kwanson. A 1935 wani saurayi ya tsinci ɗaya a tsibirin Hayman na Ostareliya, kafin sa'o'i kaɗan ya cika. Wurin harbin yakan fara da mutuwar fata, abin ya bi jiki, har tsokar numfashi ta tsaya. Har yau babu makarinsa, sai dai a taimaki mutum da na'urar numfashi har dafin ya sake shi. Duk da haka waɗanda aka rubuta ya kashe cikin shekaru kusan 350 ba su kai 40 ba. Ina faɗin wannan ne don ɗan ƙaramin dodon koɗin tafkunanmu, wanda ba shi da kibiya ba shi da dafi, shi ke goyon ƙwayar tsargiya da ke sa yaranmu fitsarin jini, kuma waɗanda take wahalarwa a Afirka miliyoyi ne. Wannan ne ya kamata mu ji tsoro a Dallol.

Kamar yadda likitocin Turai suka fitar da maganin zuciya daga dangin kwankwani a ƙarni na 19, haka dafin maharbin teku ya shiga asibiti. Baldomero Olivera, ɗan ƙasar Filifin da ya tashi yana tara kwansuna a bakin teku, ya shafe shekaru yana tsefe dafin nan sinadari bayan sinadari. Daga na Conus magus aka samo wani da ke toshe hanyar da saƙon zafi ke bi zuwa ƙwaƙwalwa. A Disambar 2004 Amurka ta amince da shi a matsayin magani mai suna Prialt, ana zuba shi cikin ruwan laka ga masu raɗaɗin da morfin ya kasa kwantarwa.

Wurin kakata kuwa daga unguwar maharban ya fito. Asalinsa tsibiran Maldif ne a tekun Indiya, inda a da ake kwaso shi a bar shi naman ya ruɓe, a wanke kwanson a loda wa jirage. Matafiyin nan Ibn Battuta ya gan shi a can, ya kuma zo ya tarar ana ciniki da shi a Mali da Gao a ƙarni na 14. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Zambar dubu ne, keso 20,000, kuma lokacin da Bature matafiyi Barth ya shiga Kano a 1851 ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: dabba ta gina ɗaki da jikinta, mu muka yi sadaki da haraji da shi. Da mulkin mallaka ya kore shi daga kasuwa, sai ya koma jikin kayan 'yan bori, da faifan masu duba, da ɗamarar 'yan kokawa, da ƙugun jarirai. Shi ma maharbin bai tsira ba, don matan Muritaniya sun daɗe suna ado a gashi da faifan da aka yanko daga gindin kwansonsa.

Kaka ta ce babban ruwa yana can inda ƙasa ta ƙare, amma akwai zamanin da yake nan. Fiye da shekaru miliyan 50 da suka wuce, wani reshen teku ya ratsa Sahara ya kwanta a kan wannan yanki namu. Farar ƙasar da ake haƙa don siminti a Malbaza da Kalambaina ta Sakkwato lakar gindinsa ce, kuma har yau ana tsintar kwansunan halittun teku da suka zama dutse a ciki. Dangin maharbi sun fara bayyana a duniya wajen shekaru miliyan 55 baya, daidai lokacin da ruwan ke haramar janyewa daga nan.

A Afirka ta Yamma, da yawansu yanzu suna gaɓar Senegal da tsibiran Kap Ber. Galibin maharban duniya uwa takan manna ƙwai cikin 'yan jakunkuna a ƙarƙashin dutse, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su bi igiyar ruwa su yi nisa. Na Kap Ber kuwa da jan ciki suke fitowa daga ƙwai, inda aka haife su nan suke tsufa, har ya zama wani nau'in duk duniya ba shi da gida sai lungun gaɓa guda. Wani bincike na 2013 da ya duba nau'i 632 ya nuna cewa mafi yawan waɗanda ke bakin ƙarewa a wannan yanki suke. A Dakar ƙazantar birni ce ke kwarara kansu. A tsibiran kuma gine-ginen baƙi ne da tashoshin jirage, da masu kwasar yashin gaɓa don yin bulo, yashin da maharbi ke kwana a ciki da rana.