Suna Linzami: Laƙabin Manhaja Da Aljihun Ɗan Kasuwa

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne kiran da wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a kasuwar Dogon Dutsi ta yi mana a cikin shirinmu na rediyo. Ta ce ta sayi wayar salula ta hannu da araha, waya fes kamar ba a taɓa ta ba, amma da ta koma gida sai WhatsApp ya ƙi buɗewa, alhali da shi take aika wa abokan cinikinta na Matankari da Tibiri hotunan sabbin zannuwa. Da ta kai wa mai gyara, ya duba sai ya ce mata: "Hajiya, ai wannan KitKat ce." Shi ne ta tambaye mu, wai waya ta saya ko alewa?

Mun yi dariya, amma kuɗinta sun riga sun tafi. Don haka muka ga ya dace mu warware muku asalin waɗannan sunaye, tun daga zamanin kwamfutocin farko na kan tebur.

Kafin ranar suna

Kowace kwamfuta da kowace babbar waya tana da uwar manhaja, wato wadda ke tafiyar da komai a cikinta, kamar yadda sarkin kasuwa ke tsara rumfuna. Kamfani yakan shafe shekaru yana haɗa ta, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba ta da sunan yanka. To, da yake ma'aikata ba za su yi ta cewa "abin nan" ba, sai su laƙaba mata wani suna na cikin gida. Dalili biyu ne: kada abokan hamayya su gane abin da ake dafawa, sannan masu talla ba su riga sun tsai da sunan da za a kai kasuwa ba. Mu ma a nan Arewa mun san haka. Akwai Ɗanjuma da Talatu da Tanko da Auta, waɗanda har su tsufa wani maƙwabcin bai san sunansu na yanka ba.

Kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da Windows ta farko a 1985. Wadda ta yi tashe sosai ita ce Windows 95, da aka fitar ranar 24 ga Agusta 1995, amma shekarun da aka yi ana haɗa ta, Chicago ake kiranta, sunan babban birnin nan na Amurka. Laƙabin ya bi ta har bayan suna, domin shekaru da yawa bayan nan masu gyara sun ci gaba da ganin kalmar Chicago a cikin ƙananan fayilolin da ke haɗa kwamfuta da injin buga takarda da makamantansa. Ƙanwarta Windows 98 kuwa, Memphis ne laƙabinta.

Akwai kuma wani babban aiki da suka sa wa Cairo, wato Alƙahira ta Masar, wanda aka yi ta yi daga 1991 zuwa 1996. An yi ta kururuta shi, amma bai taɓa fitowa kasuwa da sunansa ba, sai dai aka tsinci wasu sassansa aka zuba a cikin wasu manhajojin. Kowane ɗan kasuwa ya san irin wannan: kayan da ake cewa suna hanya, har damina ta wuce mota ba ta iso ba.

Duwatsu biyu da saniya

Windows XP, wadda yawancinmu muka fara taɓa kwamfuta da ita a gidajen intanet na Yamai da Dosso, ta fito a watan Oktoba 2001. Laƙabinta Whistler, sunan wani dutse ne a ƙasar Kanada inda ake zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara. Kusa da shi akwai wani dutsen mai suna Blackcomb, shi aka ajiye wa babbar manhajar da za ta biyo baya. Da a ce ma'aikatan ƴan Arewa ne, da wataƙila yau duniya tana kiran wata manhaja Dogon Dutsi.

A gindin duwatsun akwai wata mashaya da ake kira Longhorn, ma'ana mai dogon ƙaho, kamar dai shanun Bororo da muke gani a kasuwar dabbobi. Sai aka ɗauki wannan suna aka ba wata manhaja da aka yi niyyar ta zama ɗan zango tsakanin duwatsun biyu. Ashe zangon ne zai zama doguwar tafiya. Aikin ya cakuɗe har aka sake shi daga tushe a 2004, bai isa hannun jama'a ba sai Janairu 2007 da sunan Windows Vista, kuma masu saye da yawa ba su ji daɗinta ba. Windows 7 ta 2009 ce ta wanke wa kamfanin fuska.

Shi kuwa kamfanin Apple, namun daji ya bi. Daga 2001 ya shiga sa wa manhajarsa sunayen dangin kyanwa, har da damisa a 2007 da zaki a 2011. Da ya ga jama'a sun fi riƙe laƙabin, tun 2002 sai ya fara buga shi a jikin kwalin. Amma ya taɓa ƙona hannu: ma'aikatansa sun laƙaba wa wata kwamfuta sunan Carl Sagan, wani masanin taurari da ke raye a lokacin, ba da izininsa ba. Magana ta kai kotu a 1994, sai a 1995 aka sasanta. Afirka ma ba a bar ta a baya ba. Manhajar Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004 kuma ake ba da ita kyauta, fitowarta ta farko da sunan gadu aka yi mata laƙabi, mugun dawa mai kurajen fuska.

Masu atamfa sun riga su

Iyayenmu mata masu zannuwa, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinku. Kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, lamba yake ba zanensa. Matan kasuwar Lome da Kwatano da Abijan ne ke raɗa masa suna da Faransanci, irin su "Idon kishiya" da "Mijina ya isa" da "In ka fita in fita". Kun kuma san mai saye yakan zo da suna a baki, amma ke da kika san kaya sai kin juya bakin zane kin duba lamba da hatimi kafin ki yarda na asali ne. Haka ya kamata a yi wa waya da kwamfuta.

Inda kuɗi ke zubewa

Manhajar Android ta kamfanin Google da ke cikin yawancin wayoyinmu ta gaji wannan al'ada, sai dai ita sunayen kayan zaƙi ta bi, harafi bayan harafi. KitKat ta 2013 ce, lambarta 4.4. Lollipop ta biyo a 2014, lamba 5. A 2019 kamfanin ya daina tallata sunayen ya koma lamba zalla daga Android 10, domin ba kowace al'umma ce ta san waɗannan kayan zaƙi ba. A watan Oktoba 2023 kuma WhatsApp ya daina aiki a wayar da ba ta kai Android 5 ba. Abin da ya faru da Hajiyarmu ke nan.

A ɓangaren kwamfuta, Microsoft ya daina kula da tsaron Windows XP a Afrilu 2014, Windows 7 a Janairu 2020, Windows 10 kuma kulawarta ta yau da kullum ta ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, amma ta zama shago mai tsohon kwaɗo da ɓarayi suka san makullinsa. A watan Mayu 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle dubban kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila, ana neman kuɗin fansa. Wanda ke ajiye lissafin bashi da na kaya a irin wannan na'ura, ya yi tunani.

Saboda haka, kafin ku miƙa ko jaka ɗaya, ku sa mai sayarwa ya kunna abin a gabanku. In waya ce, a shiga wurin saiti, a gangara can ƙasa inda bayanin waya yake, a karanta muku lambar Android, sannan a sa WhatsApp ya buɗe kuna gani. In kwamfuta ce, a rubuta winver a wurin bincike, nan take za ta faɗi ko wace Windows ce. Ku tambaya ko za ta iya ɗaukar Windows 11 ta 2021, domin tsofaffi da yawa ba su iyawa. Masu zuwa sari Sakkwato da Kano da Kwatano, ku ne kan gaba a wannan, domin abin da kuka sauke shi mutanen ƙauye za su saya, kuma in ya ƙi aiki ƙofarku za su dawo. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.