Gargaɗi Ga Masu Sayen Waya Ta Intanet A Kafanchan Da Kewaye

Jama'ar Kafanchan, Kagoro, Zonkwa, Kwoi, Manchok, Gidan Waya har zuwa Kachia, a yi hattara. Kaka ta yi, an fara haƙar citta, kuɗi na shigowa hannu, ga Kirsimeti da sabuwar shekara sun ƙarato. 'Yan damfara ma sun iya wannan lissafi. Shi ya sa tallar waya ta cika Facebook da WhatsApp da TikTok: wai sabuwa dal a rabin kuɗi, ko kuwa ka ba da kafin alƙalami ka riƙa biyan sauran duk mako. Duk wanda ya ce sai ka tura kuɗi asusun wani mutum kafin ya ɗora maka waya a mota daga Legas ko Abuja, cinikin biri a sama yake so ku yi. Kada ka tura.

Akwai wata magana da ke yawo a bakin samari, cewa duk abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ko da babu dalili. Gaskiya ce, amma a Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai. A Ingila, dokar Birtaniya ta 2013 ce ta ba mutane wannan dama, har da soke yarjejeniyar layin waya. Dokarmu ba ta ce haka ba. A nan, in waya lafiyarta ƙalau, kuma ita ce aka tallata maka, sai dai kawai ka ga ta abokinka ta fi kyau, to mayarwa ta rage ga ƙa'idar shagon. Manyan shaguna irin su Jumia da Konga suna da tasu ƙa'idar a rubuce, da adadin kwanakin da suka yanke. A karanta kafin a biya, ba bayan an biya ba.

Ba wai mai saye ba shi da gata ba ne. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 120 ya ce kana iya soke odar da ka yi kafin a kawo kaya, sai dai mai kaya na iya cire ɗan abin da hankali zai ɗauka na ɗawainiyarsa. Sashe na 122 ya fi shafar mu: kayan da ba ka samu damar dubawa ba kafin a kawo, in suka zo saɓanin yadda aka siffanta, kana da ikon ƙin karɓa cikin lokacin da ya dace, a mayar maka da kuɗinka cif. Sashe na 132 kuma ya ba da wata uku daga ranar da kaya suka iso hannunka: in aibi ya bayyana, mai kaya zai gyara, ko ya canza, ko ya biya, kuma ɗawainiyar mayarwa a wuyansa take. Dokar ta wajabta a faɗa maka in wayar ta hannu ce ko gyararriya, ta kuma wajabta a ba ka rasit. Rubutun nan da ake yi a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, bai isa ya share waɗannan haƙƙoƙi ba.

To amma a lura da kalmar nan, lokacin da ya dace. Wanda ya riƙe waya wata guda sannan ya ce ba ita ya yi oda ba, ya raunana maganarsa da kansa. Saboda haka ranar da direba ya kira ka cewa saƙonka ya iso tasha, kada ka rungumi kwali ka hau acaɓa. Tsaya nan. Ka sa wani ya ɗauki bidiyo tun kafin ka yage salatif. Kunna wayar, danna *#06#, lambobi 15 za su fito, ka gwada su da waɗanda ke jikin kwali. In sun saɓa, ba wayar kwalin ba ce. Shiga saiti ka ga girman ma'ajiyarta, don sau da yawa abin da ke kan talla daban, na ciki daban. Sa layinka ka kira wani, gwada kyamara, jona caja a shagon mai caji da ke gefe. In akwai matsala, a nan take ka rubuta wa mai kaya saƙo, da hoto, da ranar. Kiran baki ba ya zama shaida gobe.

Wayar bashi kuwa ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Kamfanoni masu rajista suna wannan sana'a, kuma ta taimaki ɗalibai da 'yan acaɓa da dama. Sai dai irin wannan waya tana zuwa da manhajar da ke kulle ta daga nesa ranar da ka kasa biya. Kafin ka sa hannu, a faɗa maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ba na mako ɗaya kaɗai ba, ka gwada da farashinta a kasuwa. Ka tambaya a rubuce: in na fasa, ko na mayar, ina makomar kafin alƙalamina? In wayar ta lalace ko an sace, biya zai ci gaba? Wakilin da ya ce ka sa hannu kawai za a yi bayani daga baya, ka bar masa kayansa. Kada kuma ka ba kowa lambar NIN ko BVN ɗinka ya karɓi waya da sunanka, ko da ɗan ɗakinku ne. Bashin kanka zai hau.

Daga nan ne wata cuta ta ɓullo. Mutum ya karɓi wayar bashi, ya sayar da ita da araha a matsayin ta hannu, ya daina biya. Bayan 'yan kwanaki sai ta kulle a hannun wanda ya saya, ba shi da kuɗi, ba shi da waya. Arhar da ta wuce hankali, ba kwali ba rasit, a guje ta.

Batun layi gajere ne. In ana damun ka da saƙonnin talla da ba ka nema ba, tura STOP zuwa 2442. In ka kai ƙorafi kamfanin layinka bai share maka hawaye ba, kira hukumar sadarwa ta NCC a 622, kyauta ne.

Wanda aka riga aka cuta, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya garzaya bankinsa a ranar, da alat ɗin da lambar asusun da ya tura wa, ya kuma sanar da 'yan sanda. In shago ne sananne ya ƙi karɓar kayansa, a shigar da ƙara gaban FCCPC ta shafinta na intanet, tare da rasit da hotuna. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: doka tana kama mai shago da adireshi ne. Sunan Facebook da zai iya ɓacewa cikin dare, samunsa da wuya.

Iyayenmu limamai da fastoci, masu unguwanni, shugabannin tasha da na ɗaliban Gidan Waya da na jami'ar jihar Kaduna reshen Kafanchan, don Allah a sanar da wannan a masallatai da majami'u da wuraren taro tun kafin kuɗin citta su bar hannun jama'a.