Muciya da Sitiyari

Da kalma ɗaya Bahaushe yake kiran aikin mai muciya da na mai sitiyari: wannan tana tuƙa tuwo, wancan yana tuƙa mota. Ban san zurfin wannan ba sai da na shafe makonni ina fama da filin Monza na Italiya a cikin Assetto Corsa Competizione, wasan tseren motoci na kwamfuta da ake yi da sitiyari da birki da totur irin na gaske. Tsawon filin bai cika kilomita 6 ba, kwanoninsa 11, amma na kasa rage ko daƙiƙa guda a zagaye. Ƙarfi nake sa wa, lokacin yana nan inda yake.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da murhu ya san abin da ke faruwa in sabuwar mai girki ta juye gari gaba ɗaya a kan talge. Tuwo ya yi gudaji, kuma komai ƙarfin damtsenta ba zai gyaru ba. Gwana kuwa barbaɗawa take yi, hannu ɗaya na zuba gari, ɗayan na juya muciya, tana jin kaurin tuwon a hannunta kafin ido ya gani. Haka totur yake a bakin fita daga kwana. Ka take shi lokaci guda, tayoyin baya su sulɓe, ka ɓata lokaci wurin gyara. Ka ƙara shi sannu a hankali kana warware sitiyari, mota ta miƙe da kanta. A kwanar Monza da ake kira Parabolica abin ya fi ciwo, domin bayanta miƙaƙƙiyar hanya ce ta fiye da kilomita guda. Ɗan gudun da ka rasa a bakin fita zai bi ka har ƙarshenta.

Birki ne ya fi ba ni wuya, kuma a nan na fi tuna mahaifiyata. In tuwo ya yi kauri ba ta kashe wuta gaba ɗaya. Itace take janyewa ɗaya bayan ɗaya, ta bar garwashi ya ƙarasa aikin. A kwanar farko ta Monza motar tsere ta GT3 tana isowa da gudun fiye da kilomita 250 a awa, sai ta koma ƙasa da 80. Ana take birki da ƙarfi tun mota tana miƙe, wurin allunan da ke nuna saura mita nawa, sannan a riƙa sassauta ƙafa yayin da ake karya sitiyari. Dalilin kuwa, birki yana tura nauyin mota kan tayoyin gaba, su damƙi kwalta. Ka ɗage ƙafa farat ɗaya, nauyin ya koma baya, hancin motar ya ƙi juyawa. Mutane da yawa suna zaton jinkirta birki shi ne gwaninta. A ganina yadda ka sake shi ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba.

Sannan ba a koyon tuwo da tukunya goma. Haka tsere ma: mota ɗaya, fili ɗaya, har sai zagaye goma a jere sun fito kusan daidai da juna. Wanda ya yi zagaye guda mai kyau, tara suka lalace, sa'a ya yi.

Yarinya tana koyo ne ta kallon hannun uwa. Mu kuma muna da bayanan da wasan ke ajiyewa: layin birki da na totur, mita bayan mita. Da na ɗora nawa a kan na wani da ya fi ni gudu, sai na ga kusan wuri ɗaya muke fara taka birki. Nasa layin yana gangarowa kamar tudu, nawa yana faɗowa kamar bakin rijiya. Daren nan kwanar farko kaɗai na yi ta maimaitawa, ina ƙirga uku a zuci kafin ƙafata ta rabu da birki.