Awa guda da ta ɓata tsakanin Sabha da Kano

Ƙanena ya shekara uku yana aikin gini a Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya. Da ya dawo cikin jirgin shata mai kwaso 'yan ci-rani, ba abin da ya cika mana kunne da shi sai gudun jirgin.

"Yaya, wallahi ƙarfe uku muka tashi, huɗu da rabi muna filin Malam Aminu Kano!"

Wanda ya shafe kwanaki a bayan Hilux, rungume da sanda kada ya faɗo, daga Agadas zuwa Dirku, Madama, Tummo, Gatrun har Sabha, ai dole abin ya ba shi mamaki. Ni kuwa lissafin ne ya ƙi zama a kaina. Tsakanin garuruwan biyu, a miƙe, akwai kimanin kilomita 1,800. A cinye wannan cikin awa ɗaya da rabi, sai jirgi ya yi gudun kilomita 1,200 a awa, wato ya kamo gudun sauti. Jirgin fasinja kuwa 800 zuwa 900 yake yi, ban da lokacin hawa da sauka.

Na fara zargin taswira. Na auna, na sake aunawa, tazarar ba ta ragu ba.

Sai na ce ko iska ce ta tura su, tunda a hunturu ya dawo, kuma iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, daidai bayan mai zuwa Kano. Na ji daɗin wannan hasashe har na kwana da shi. Amma bai yi ƙarko ba: hunturu ƙasa-ƙasa yake kaɗawa, jirgi kuwa yana can sama da kilomita goma, inda iskar wannan lokaci daga yamma take zuwa. Ba ta bayan jirgin, balle ta rage masa awa guda.

Washegari na sauya tambaya.

"Ƙarfe ukun nan, a ina ka gan shi?"

"A wayata."

"Huɗu da rabin fa?"

"Agogon bangon filin jirgi. Wayar ta mutu a hanya."

Nan kan ya warware. Agogon Libiya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Ƙarfe uku a Sabha ƙarfe biyu ne a Kano. Awa biyu da rabi suka yi a sama, wanda ya yi daidai da kilomita 1,800.

Abin da ya sa bai taɓa lura ba ya fi ba ni sha'awa. Agogon Libiya ya riga rana. Sabha na kan layi na 14 gabas da Girinwic, kusan saiti ɗaya da Maiduguri, Kano kuwa tana kan takwas da rabi. Rana takan tsaya tsaka a Sabha wajen ƙarfe ɗaya a agogonsu, a Kano wajen sha biyu da rabi. Wato a wurin rana bambancin bai kai rabin awa ba, hukuma ce ta mai da shi awa cur. Shi kuwa da kiran salla yake auna yininsa, idan ya kira gida ma bayan isha'i ne.

Na zayyana masa duk wannan a takarda. Ya duba, ya ture ta gefe.

"To, Yaya, ko awa biyu da rabin ce, ka taɓa kwana a Tummo babu ruwa?"