Ba Kowane Farin Ruwa Ne Ciwon Sanyi Ba

A 'yan shekarun nan babu cutar da sunanta ya yawaita a bakin mata kamar ciwon sanyi, har ta kai duk wadda ta ga ɗan farin ruwa ya fito mata, ko da babu wari babu ƙaiƙayi, sai hankalinta ya tashi, ta tabbata a masai ta kwaso shi, ta nufi mai kemis ko mai tallar magani da lasifika a bakin tasha, ta komo da na sha da na tsarki da na cusawa. Masu wannan ciniki kuwa, da yake kasuwa ta buɗe musu, ba za su gaya mata cewa galibin ruwan da take yaƙi da shi alamar lafiya ne ba, alhali malaman fiƙihu tun tuni suka lissafa farar kumfa cikin alamomin tsarki daga haila.

Allah cikin hikimarSa bai bar wannan hanya ba tsaro ba. Fatar cikin farji ninki-ninki ce, na samanta kullum yana saɓulewa yana fita da duk abin da ya manne masa, bakin mahaifa kuma yana zubo da ruwa mai yauƙi wanda ke ɗauke da sinadaran garkuwa. A bisa fatar akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda wani likita Bajamushe, Albert Döderlein, ya yi bayaninsu a 1892, aikinsu su mai da sukarin da fatar ke tanadi ya zama tsami. Dangin masu mai da madara kindirmo ne, kuma yadda tsami ke hana nono saurin lalacewa, haka yake hana baƙin ƙwayoyi samun wurin zama. Sabulu kuwa kishiyar tsami ne.

In cuta ta ƙetare wannan duka, sai fatar da kanta ta saki wasu sinadarai na neman agaji, cikin sa'o'i kaɗan fararen ƙwayoyin jini su keto jijiyoyi su taru a wurin, suna haɗiye ƙwayoyin cutar suna mutuwa tare da su, gawarwakinsu su ne mugunyar da ke rina ruwan ya koma rawaya ko kore. Wasu kuma su ɗauki guntun abin da suka kama su kai kaluluwar matsematsi da ta cikin ƙugu, a can a horar da wata runduna da ta san wannan cuta takamaimai, ta iso bayan 'yan kwanaki. Da irin wannan aiki ne jiki ke kawar da ƙwayar HPV, mai jawo sankarar bakin mahaifa, daga kusan mata 9 cikin 10 da suka kamu a cikin shekara 2, ba tare da sun ma sani ba.

Amma mas'alar da ta fi wuyar fahimta, wadda kuma masu tallar nan ba su taɓa ambatonta, ita ce wannan wuri an ɗora masa wajibai biyu masu karo da juna: ya kori cuta, ya kuma karɓi maniyyi da ɗan tayi, waɗanda a wajen garkuwar uwa baƙi ne, matsalar da masani Peter Medawar ya tayar a Ingila tun 1953. Sabili da haka garkuwar wurin a kan mizani take, tana sassautawa na kimanin mako guda bayan fitar ƙwai, kuma duk abin da ya harzuƙa ta ba dalili, ɓarnarsa ta fi fa'idarsa. Ga misali, ƙwayar ƙanjamau ba ta iya hayayyafa sai a cikin wani jinsi na fararen ƙwayoyin nan masu alamar CD4. Saboda haka matar da ta kankare cikinta da alimun ko ruwan bagaruwa ko sabulu mai ƙarfi har fatar ta bushe ta tsage, ta yi abu biyu a lokaci guda, ta buɗe kafa, ta kuma kirawo ainihin ƙwayoyin da cutar ke nema zuwa bakin kafar. An gwada wani sinadari dangin sabulu, nonoxynol-9, wanda ke kashe ƙwayar ƙanjamau a ɗakin bincike, a kan mata a Kwatano da Abijan da Durban da ƙasar Tailan, sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna masu yawan amfani da shi sun fi kamuwa, domin yana ƙuje fata. Wani bincike kuma a Afirka ta Kudu a 2015 ya sami cewa matan da ke da kumburin al'aura haɗarin kamuwarsu ya ninka kusan sau 3.

Abin takaici, sanyin gaske, wato gonoriya da kilamidiya, ta saduwa ake ɗaukarsa ba a masai ba, kuma sau da yawa ba ya nuna alamar komai ga mace. Yakan haura a ɓoye zuwa bututun da ƙwai ke bi, wanda fatarsa ninki ɗaya ce tak, garkuwa ta bi shi can su gwabza, in rikicin ya daɗe ko ya maimaitu wurin ya warke da tabo, hanya ta ƙuntata ko ta toshe. Daga nan sai rashin haihuwa, ko ciki ya zauna a bututu ya fashe, a yi ta zargin kishiya ko iska, alhali maganin 'yan kwanaki da ya wadatar tun farko.

Shari'a ma ba ta ɗora wa kowa wannan wahala ba, don Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bayyana cewa wankin abin da ke can ciki ba ya cikin wajibin tsarki. Wadda ta ga ruwan ya sauya launi, ko yana wari, ko ga ciwon mara, ko jini bayan saduwa, asibiti ya kamace ta, a duba a san wace ƙwaya ce, tun da wata ba ta jin maganin wata. In kuwa gwaji ya nuna cutar saduwa ce, lalle ne a yi wa maigida magani tare da matansa duka, su kuma ƙaurace wa juna har kwana 7, in ba haka ba tana iya sake kamuwa.