Jar miyar da ake yi da sukari

In an ce miya, abin da ke zo muku a rai shi ne daddawa da barkono da mai. To, akwai wata miya da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ja ce wur. Da sukari ake yin ta, kuma sai ta huce ake ci. Mutanen Amurka da Kanada ne ke yin ta ranar wani babban bikinsu. Sunanta miyar kiranberi.

Mun ce mata miya ne don da nama ake cin ta. Amma ba a zuba ta bisa tuwo, ba a kuma cika kwano da ita. Cokali ɗaya ko biyu ake sawa a gefen faranti, mai ci ya riƙa dangwala namansa a ciki. Ga ido ta fi kama da konfitir ɗin da ake shafa wa burodi.

Mene ne kiranberi?

Kiranberi ɗan itace ne ƙarami, ja, girmansa kamar na magarya. In kuka tauna shi ɗanye, sai kun yamutsa fuska, don tsaminsa ya yi yawa, ga ɗan bauri. Ba itace ne mai tsawo ke haifar shi ba. Yaɗo yake yi a ƙasa, a wuri mai damshi da rairayi, inda ƙasar ke da tsami. Yana kuma bukatar sanyi mai tsanani na watanni kafin ya yi fure. Shi ya sa ba ya yi a ƙasashenmu. Ko an kawo irin, an ba shi ruwa safe da yamma, aikin banza ne.

Asalinsa arewacin nahiyar Amurka. Mutanen da ke can tun kafin zuwan Turawa sun san shi sarai. Suna cin shi, suna rini da shi, suna kuma haɗa shi da busasshen nama da kitse su yi guzuri. Turawan da suka zo daga baya sun ga furensa ya yi kama da kan wani tsuntsu dangin gauraka, sai suka sa masa suna daga sunan tsuntsun. Wajen shekara ta 1816 wani mutum mai suna Henry Hall ya fara noma shi a jihar Masacuset. Yanzu jihar Wiskonsin ce kan gaba, ita ke ba da fiye da rabin abin da Amurka ke samu. A Kanada kuma lardin Kebek ne.

Girbinsa abin kallo ne. Daga Satumba zuwa Nuwamba ake yi. A cikin kowane ɗa akwai ƴan ɗakuna huɗu masu iska, don haka ba ya nutsewa a ruwa. Manoma sai su sako ruwa ya rufe gonar, su shiga da inji ya kakkaɓe yaɗon. Ƴaƴan su taso sama, gona ta koma jan tafki, a tattara su gefe guda a kwashe. Waɗannan su ne ake kai wa masana'anta. Waɗanda za a sayar ɗanyu don girkin gida kuwa, a busasshiyar gona ake tsinke su. Iskar nan ta ciki ita ke sa mai kyau ya yi tsalle in ya faɗi bisa katako, ruɓaɓɓe ko ya lafe. Da haka ake tace su.

Bikin da ake cin ta

Ana kiran bikin Ranar Godiya. A Amurka Alhamis ta huɗu ce ta watan Nuwamba. A Kanada kuma Litinin ta biyu ta Oktoba, don kakarsu ta riga zuwa. Biki ne na bayan girbi. Ana danganta shi da wata liyafa ta shekara ta 1621, inda baƙin da suka zo daga Ingila suka ci abinci tare da mutanen Wamfanowag a garin Filimut. A 1863 shugaba Abraham Linkon ya yi shelar a riƙa yin shi a ƙasa baki ɗaya, a 1941 kuma doka ta tsayar da ranar.

Ranar nan dangi na nesa da na kusa ke taruwa gida ɗaya. Babban abinci shi ne talotalo, a gasa shi sukutum. Ga dankalin Turawa da aka dafa aka murje, ga romo, ga kabewa. Duk abinci ne mai maiƙo da nauyi, naman ƙirjin talotalo kuma busasshe ne. Nan ne amfanin jar miyar yake. Tsaminta na yanke maiƙo, ya wartsake baki, kamar yadda kuke matsa lemun tsami bisa soyayyen kifi. Haɗin ya daɗe: wani littafin girki da aka buga a Amurka a 1796 ya riga ya ce a ci gasasshen talotalo da miyar kiranberi.

Akwai ta gwangwani. An fara sa ta a gwangwani a 1912, kamfanin Ocean Spray kuma ya shahara da ita. Wasu gidaje ba su yarda da wata ba sai ita, don da ita suka tashi. Amma a ganina ta gida ta fi, tunda mai girki ke auna sukarinsa da kansa, ga shi kuma aikin bai kai rabin awa ba.

Yadda ake yin ta da tuffa

A can ana sayar da kiranberi cikin leda mai nauyin giram 340. Leda ɗaya na bukatar sukari giram 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na kilo, da ruwa rubu'in litir. Sai tuffa babba guda ɗaya, ko ƙanana biyu. Kayan ƙamshi su ne sandar kirfa ɗaya, kanumfari uku ko huɗu, ɗanyar citta kamar kan babban yatsa, da ɗan ɓawon lemun zaƙi. Wannan ya ishi mutum takwas.

Da farko a wanke kiranberi, a fid da masu laushi da waɗanda suka yi baƙi. A fere tuffa, a cire ƙwallayen ciki, a yanka ƙanana-ƙanana. A kankare citta a kirɓa ta. Ɓawon lemu kuma, bayansa mai launi kaɗai ake so. Farin da ke ciki ɗaci gare shi.

A zuba ruwa da sukari a tukunya, a ɗora bisa wuta, ana motsawa har sukarin ya narke. A jefa kirfa da kanumfari da citta da ɓawon lemu. In ya tafasa, a zuba tuffa, a ba ta kamar minti biyar, don ta fi kiranberi tauri. Sannan a juye kiranberi, a rage wuta.

Daga nan kunne ne ke aiki. Ba da jimawa ba za ku ji ƴaƴan na fashewa, fat, fat, kamar gugguru. Iskar ciki ce ta yi zafi ta tsaga fatar. A riƙa motsawa lokaci-lokaci kada gindin tukunya ya kama. Bayan minti goma zuwa goma sha biyar, yawancinsu sun fashe. To, a sauke. A tsame kirfa da kanumfari da ɓawon lemu a zubar. Ku ƙidaya kanumfarin da kuka sa, ku ƙidaya wanda kuka fitar, don wanda ya tauna shi cikin abinci ba zai gode muku ba. Ɗan gishiri a bakin yatsa biyu na fito da ɗanɗano.

Ga wurin da masu koyo ke ruɗewa. Lokacin da aka sauke ta, ruwa-ruwa take. Sai mutum ya ce ba ta yi ba, ya mayar bisa wuta, ko ya nemi gari ya zuba. Kada ku yi haka. Ku bar ta ta huce, da kanta za ta yi kauri.

Dalili shi ne, a cikin kiranberi akwai wani sinadari da ake kira fektin. Kamar ƙaro yake, shi ke riƙe naman ɗan itace wuri ɗaya. In ƴaƴan suka fashe, fektin ya fito cikin ruwa. Ba ya kamawa sai ya samu abu biyu: tsami da sukari. Tsami na nan cikin ɗan itacen, sukari kuma kun zuba. In zafi ya sauka, sai ukun su haɗu, miya ta daskare. Tuffa ma na da fektin da yawa. Ke nan aiki biyu take yi: tana ƙara kauri, zaƙinta kuma na tausasa tsamin. Wanda ya sa tuffa yana iya rage sukari kaɗan. Amma in ya rage da yawa, miya ba za ta kama ba.

Masu dabara tun ana jibi biki suke yin ta, su sa a firigo. Kwana na ƙara mata daɗi, don ƙamshin ya ratsa ko'ina. Ranar biki kuma murhu ya huta da aiki ɗaya.

Mu fa, da ba mu da kiranberi?

Kada ku ce wannan karatu na mutanen nesa ne. A kudancin Amurka akwai jihar Fulorida. Ƙasar zafi ce, kiranberi ba ya yi a can. Mutanen can sun daɗe suna shuka wani tsiro a bayan gida, suna yin irin wannan miya da shi, har suka sa masa suna kiranberin Fulorida. Kun san ko wane tsiro ne? Yakuwa ce. Ita dai wadda mata ke shukawa a gefen gonar gero, mu ci ganyenta, mu yi daddawar batso da gurguzunta, mu jiƙa zoɓonta mu sha.

Zoɓo na da abubuwa ukun da ake nema: ja, tsami, da fektin. Ga shi kuma bayan damina yake nuna, daidai lokacin da su ma suke girbin nasu.

In ɗanye kuka samu, ya fi. A ɓare shi, a fid da ƙwallon irin da ke tsakiya, a wanke, a yayyanka. A auna shi kamar kiranberi, wajen kashi ɗaya cikin uku na kilo, a bi hanyar da muka faɗa. Sai dai ba za ku ji fashewa ba. Alamar ya nuna ita ce ya yi laushi har cokali na iya murje shi.

In busasshe ne na kasuwa, a zaɓi mai ja sosai, a ɗebi cikin tafi biyu. A wanke shi sau biyu ko uku da sauri, don rairayi na ɓoyewa a cikinsa, kuma rairayi a miya abin kunya ne. A jiƙa shi da ruwan zafi rabin litir har ya saki. A tsame, a yanka ƙanana, a mayar cikin ruwansa. Nan bambanci yake da zoɓon sha: ba a tacewa a zubar da dusa, dusar ita ce miyar. A dafa shi tukuna ba sukari har ya yi laushi, kamar minti ashirin ko fiye. Sannan a sa tuffa da sukari da kayan ƙamshi, a bar shi bisa ƙaramar wuta har ruwan ya ragu. Don gwaji, a ɗiga kaɗan bisa faranti, a jira ya huce, a karkata farantin. In ya tsaya ko yana tafiya a hankali, ya yi.

Tuffa daga waje ake kawo ta, tana da tsada, ba kuma kowace kasuwa ake samun ta ba. Gwaba na iya maye gurbinta, ita ma tana da fektin. A cire ƴaƴan cikinta kafin a yanka.

Abu biyu ku kiyaye. Na farko, kada a sa kanwa ko ruwan toka. Na san hannu ya saba, in an ga abu mai tsami sai a nemi kanwa. Amma kanwa na kashe tsami, in ba tsami fektin ba ya kamawa, jan launin nan kuma ya koma baƙi-baƙi. Sukari ne ke daidaita tsami a wannan girki. Na biyu, tukunya. Tsami na cin tukunyar alminiyom, irin wadda maƙera ke zubawa, ya sa miya ta ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Ku nemi mai farin shafe a ciki, ko ta ƙarfe mara tsatsa. In babu sai ta alminiyom, to da an sauke a juye cikin wani mazubi, kada miya ta kwana a ciki.

Ana cin ta da gasasshiyar kaza, ko zabo, ko soyayyen naman Layya mai kitse. Yara kuma za su so ta bisa burodi ko masa. Mai ciwon sukari ya yi hankali, ɗan taɓawa ya ishe shi. In akwai firigo, a rufe ta cikin kwalba mai tsabta, tana kai mako guda. In babu, a yi daidai wadda za a cinye ranar, ko washegari da safe, kuma kowa ya ɗiba da busasshen cokali mai tsabta.